LACCA A GANGARA: BA KOWANE JINI NE BASIR BA

Wannan ita ce laccar da kwamitin lafiya na jam'iyyarmu ya karanta gaban membobi da 'yan kasuwa a Gangara, ƙasar Jibiya. Mun buga ta duka sabo da waɗanda ba su sami halarta ba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.



Mun san yawancinku kun zo ne ku ji maganar zaɓe, da tsadar taki, da shingayen da a ke tatsar direbobi a kansu daga Katsina zuwa Magama. Waɗannan duk suna nan, za mu koma kansu wani jiƙon. Yau magana ce mai nauyi a baki, domin ta shafi wurin da ba a ambata cikin mutane. Dattawa su gafarce mu, iyaye mata su yi haƙuri da mu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma kunyar nan da mu ke ji ta kai mutane da yawa kushewa tun kwanansu na aiki bai ƙare ba. Maganar ita ce ciwon daji, wanda waɗansu ke kira sankara, irin wanda ke kama babban hanji da dubura.

Bari mu fara da yadda jikin ya ke. Abinci in ya bar tumbi sai ya bi ƙaramin hanji, inda jiki ke tsotse amfaninsa, sa'an nan tukar ta wuce babban hanji. Ƙarshen babban hanjin nan, ɗan guntun da bai kai taƙi guda ba, inda bayan gida ke taruwa kafin ya fita, shi ne wurin da mu ke magana a kai. Ciwon ba ya faɗowa rana ɗaya kamar zazzaɓi. Yakan fara ne da ɗan tsiro a bangon hanji daga ciki, kamar ƙwayar wake, ba zafi, ba raɗaɗi. Tsiron nan yakan yi shekara 10, wani lokaci har fiye, kafin ya rikiɗe ya zama daji. Watau Allah ya ba mu rata mai tsawo. In an ga tsiron da wuri aka cire shi, magana ta ƙare. In an bar shi ya yi saiwa, ya huda bangon hanji, ya aika 'ya'yansa hanta da huhu, to, sai abin da Allah ya yi.

Kada kowa ya ce wannan ciwon Turawa ne. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke birnin Liyon a ƙasar Faransa ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum miliyan 1 da dubu 900 suka kamu da dajin babban hanji da dubura, kimanin dubu 900 kuma suka mutu. In aka cire dajin huhu, babu wanda ya kai shi kisa. Samarinmu masu son ƙwallo sun san Pele na Birazil. Da wannan ciwo ya yi ta fama har ya mutu cikin Disamba 2022. A nan gida kuwa, likitocin asibitin koyarwa na Ile-Ife da abokan aikinsu na Amurka sun gwada majinyatan Nijeriya da na can, suka buga sakamakon a 2021. Abin da suka gani ya kamata ya tashe mu tsaye. Namu sun fi ƙuruciya lokacin da ciwon ya kama su. Kusan rabinsu a dubura ciwon ya ke, ba can sama ba. Kuma galibi ba su zuwa asibiti sai ya riga ya bazu.

Me ya ke hana su zuwa da wuri? Talauci, babu shakka. Amma akwai wani ɓarawo na biyu, sunansa basir.

Jama'a, ku gaya mana, akwai Bahaushen da ba ya cewa yana da basir? Ciwon baya, basir. Kasala, basir. Kumburin ciki, basir. Mai gida ya gaza a ɗaki, basir. Mun ɗora wa basir kayan da jaki goma ba su ɗauka. Ranar Lahadi a kasuwar Jibiya kowa ya san masu motar nan da lasifika a kai, da jarka da kwalabe da ƙulle-ƙullen gari, suna batsa gaban yara da mata, suna rantsuwa cewa maganinsu na kashe basir mai tsiro da mai jini da mai sa kasala cikin kwana uku. Hukuma na karɓar kuɗin rasit a hannunsu, ba ta taɓa tambayar abin da ke cikin jarkar ba.

Ba mu ce babu basir ba. Akwai shi, jijiyoyin bakin dubura ne ke kumbura, su yi jini. Akwai kuma atuni, akwai tsagewar baki sabo da taurin bayan gida, akwai irin tsargiyar da ke kama hanji, wadda masu shiga ruwan dam da kududdufai kan ɗauka. Duk waɗannan suna kawo jini, kuma yawancin masu ganin jini ɗaya daga cikinsu ne ke damunsu, ba daji ba. To, amma wa zai rarrabe? Mai lasifika bai duba ka ba. Bai san ko kai ne ɗayan da ke ɗauke da tsiro ba. Zai sayar maka da kwalba, jinin ya ɗan tsaya, ka yi murna, ya dawo, ka sake saye, a yi wata shida, a yi shekara, a yi biyu. Sa'ad da za a kai ka Katsina kwance a bayan mota, an riga an sayar da akuya da saniya a kan jiƙe-jiƙe, likita kuwa ya duba ya girgiza kai. A Amurka, inda a ke ajiye lissafi, cikin mutum 10 da aka gano nasu tun bai bar hanji ba, kusan 9 suna nan da rai bayan shekara 5. Waɗanda nasu ya kai hanta ko huhu kuwa, ko 2 cikin 10 ba su kaiwa. Ciwo ɗaya ne, lokacin zuwa ne ya bambanta.

Sabo da haka ku riƙe waɗannan alamu. Jini ko majina cikin bayan gida, musamman jinin da ya cakuɗa da shi ko ya yi duhu. Canjin yadda ka saba fita, yau zawo gobe tauri, har ya wuce mako uku ko huɗu. Ka tsuguna ka tashi, ka ji kamar da saura, ka koma, ba kome. Bayan gida ya sirance kamar igiya. Rama ba dalili, wando ya yi maka yawa alhali ba azumi ka ke yi ba. Jini ya ƙare a jiki, tafin hannu da ido su yi fari, ka riƙa haki in ka ɗan yi tafiya. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, balle in ya haura shekara 40, to, ya tafi asibiti, kuma kada ya yarda a rubuta masa magani ba a duba shi ba. Dubawar farko ba ta bukatar inji: likita ya sa safar hannu ya taɓa da yatsa, minti ɗaya an gama. Da yawa daga cikin dajin dubura yatsa na isa gare su. Mun san abin da ke ranku. Amma wanda ya ƙi minti ɗaya na kunya, yana iya wayar gari an huda masa ciki an maƙala jaka, bayan gida na fita ta nan har ƙarshen ransa. Mace kuwa tana da haƙƙin ta ce mace ta ke so ta duba ta, mai gida kuma ba shi da hujjar hana ta zuwa.

Yanzu mu zo kan rigakafi, wanda shi ne asalin taronmu. A nan akwai labari mai daɗi, domin maganin yana cikin rumbunanmu, mu ne mu ke zubar da shi.

Akwai wani likita Bature, Denis Burkitt, wanda ya yi shekaru yana fiɗa a asibitin Mulago na Kampala, ƙasar Yuganda. Ya lura cewa ciwon nan da ya cika asibitocin Ingila da wuya ya ke ganinsa a jikin manoman ƙauye na Afirka. Mutumin nan bai ji ƙyama ba, ya shiga auna bayan gidan mutane a ma'auni. Ya tarar na baƙauyen Afirka yakan wuce giram 400 a rana, yana da laushi, kuma abinci kan ratsa cikinsa cikin kwana ɗaya da rabi. Na Bature mai cin farin burodi da nama da sukari kuwa kimanin giram 100 ne, da tauri, yakan yi kwana uku yana kwance a hanji. A 1971 ya buga ra'ayinsa cewa bambancin yana cikin abin da su ke kira faiba, mu kuwa mu ce dusa da ɓawon wake da jijiyar ganye, watau ɓangaren abinci da ciki ba ya narkarwa. Kakanninmu sun riga shi, da suka ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Daga baya aka gane aikin dusar nan ya fi shara. Cikin babban hanji akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, ba su ƙidayuwa, dusa ce abincinsu. In sun ci sai su fitar da wani sinadari wanda bangon hanji ke rayuwa da shi, yana kuma hana tsiro yaɗuwa. In ka hana su dusa ka cika su da kitse, sai su koma fitar da abin da ke cin bangon. An gwada wannan a fili. Wani likita mai suna Stephen O'Keefe ya ɗauki baƙar fata 20 na birnin Fitsbag a Amurka da mutanen karkara 20 na ƙasar Zulu a Afirka ta Kudu, ya yi musu musayar abinci na mako biyu. Aka ba na Amurka tuwon masara da wake da ganye, aka ba na Afirka soyayyen nama da kitse da farin burodi. Aka leƙa hanjin kowa kafin a fara da bayan an gama. Sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna cikin kwana 14 kacal hanjin na Amurka ya fara hucewa, na 'yan Afirka kuwa ya fara nuna alamun da kan riga ciwo zuwa. Ku lura, duka baƙaƙe ne. Ashe ba fata ba ce, tukunya ce. Da aka tattara binciken ƙasashe da yawa an ga kowane giram 10 na dusa da mutum ya ƙara a abincinsa na yini yana rage hatsarin da kusan kashi 10 cikin 100, kuma masana na son baligi ya sami giram 30 a rana.

To, mu duba tukunyarmu ta yau a bakin iyaka. Gero da dawa da wake suna fita a buhu zuwa Ɗan Isa da Maraɗi, ko su yi kudu. Me ke shigowa gidajenmu? Farar shinkafa da aka goge har ta yi ƙyalli, taliyar leda, makaroni, indomi, farin burodi, lemon kwalba. An rufe iyaka a Agusta 2019 da sunan hana shinkafar waje, aka fara buɗe waɗansu iyakoki a Disamba 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023. Talaka ya sha wuya, samari sun rasa rayukansu a hanyoyin daji, amma ba wanda ya tsaya ya tambaya ko me ya sa muka raina tuwon dawa har ya zama abincin wanda ba shi da hali. Yau in baƙo ya zo aka kawo masa dambu da zogale sai ya ce an wulakanta shi. In aka kawo farar shinkafa da mai na yawo a kai, ya ce an karrama shi.

Ko hatsin namu ma, me mu ke yi masa? A surfe, a bakace, a wanke, a kai inji a sake gogewa har garin ya yi fari fat. Dusar a ba tunkiya. Tunkiya ta yi ƙiba da sheƙi, mai ita yana tsugune a bayan gida yana nishi. Ba mu ce a ci ƙaiƙayi da tsakuwa ba. A tsince, a wanke, a rage surfe, ko a niƙa dawa da gero da ɓawonsu, ko a haɗa rabi da rabi har baki ya saba. Wannan magana ga maza mu ke yinta, ba ga mata ba, domin uwargida ta san wanda zai ture akushi ya ce tuwon ya yi baƙi. A fara kaɗan kaɗan don kada ciki ya kumbura, a kuma yawaita shan ruwa, domin dusa ba ruwa tauri ta ke ƙarawa.

Wake kuwa sarki ne a wannan fage: ɗanwake, alala, wake da shinkafa in waken ya fi yawa, gurjiya dafaffiya. In shinkafar ce ta samu, a zuba mata wake da ganye, kada a ci ta tsirara. Miyar kuka, kuɓewa, yakuwa, lalo, kabewa, kwaɗon rama da na zogale da na tafasa. Goruba, magarya, kanya, ɗinya, aya, gwaiba, mangwaro, waɗanda muka bar wa yara da almajirai. Fura da nono ma ba ta da laifi ko kaɗan. Bincike ya nuna madara da nono suna cikin abubuwan da ke kare hanji. Laifin yana ga cokali huɗu na sukari da mu ke antaya mata.

Sai maganar nama, kuma muna ganin sarkin fawa da yaransa sun gyara zama. Ku kwantar da hankalinku. A Oktoba 2015 hukumar nan ta Liyon ta yanke cewa naman da aka sarrafa don ya daɗe, da gishiri ko hayaƙi ko magani, yana kawo dajin hanji, kuma jan nama, watau na sa da rago da akuya, mai yiwuwa ne yana kawowa in an yawaita. Cikin misalan da suka bayar akwai naman gwangwani da tsiran Turawa da busasshen nama mai gishiri, wanda ɗan'uwan kilishinmu ne. Suka ce mai cin giram 50 na irin wannan kullum, watau nauyin ƙwai ɗaya na kaza, hatsarinsa na ƙaruwa da kashi 18 cikin 100. Kada lissafin ya ruɗe ku. Ba ana nufin mutum 18 cikin 100 za su kamu ba. Misali, in a wani gari mutum 50 cikin 1,000 ne za su kamu, to, in duk sun riƙi wannan ci kullum sai su zama 59. Ƙari ne, amma ba annoba ba. Ma'aunin da masana suka bayar shi ne kada jan nama dafaffe ya wuce rabin kilo a mako.

Mun ji wani can baya yana dariya, yana cewa rabin kilo a mako, shi ko a wata bai gani ba. Gaskiyarka. Wannan gargaɗi ba na manomin da ke ganin nama daga Sallah sai suna ba ne. Ba kuma na yara da masu ciki da masu shayarwa ba ne. A jihar da likitocin ƙungiyar MSF suka shiga jinyar yara masu tamowa tun 2021, wanda ya hana yaro ƙwai ko tsokar nama da sunan rigakafi ya yi zalunci. Gargaɗin na waɗanda kasuwa ta buɗe musu ne: dillali, ɗan canji, direban babbar mota, mai shago, waɗanda karin safe shayi da burodi, rana shinkafa da nama, dare tsire da balangu da lemo mai sanyi, shekara ta zagayo ba su ga ganye ba. Ku ci nama, amma ku bar shi ya zama baƙo a akushi, kifi da kaza da wake su riƙa karɓarsa. Masu gashi kuma muna roƙonku: wurin da ya ƙone ya yi baƙi a yanke a yar, a gasa a kan garwashi ba cikin harshen wuta ba, kada a hura wuta da leda, kada a babbake kai da ƙafa da ganda da tayar mota. Hayaƙin taya guba ne, kuma ku ne na farkon shaƙarsa.

Tumbi ba shaidar arziki ba ne. Ƙiba, musamman ta ciki, tana cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wannan ciwo, ga kuma ciwon sukari da hawan jini da ke biye da ita. Malamanmu da ke zaune nan sun fi mu sanin abin da addini ya koyar game da cika ciki. Manomi da ɗan dako da mai tallan ruwa ba su bukatar a ce musu su motsa jiki, wahala ta isar musu. Amma mai rumfa da ke zaune daga hantsi har magariba, wanda ko masallaci sai a kan babur, shi ne abin tausayi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya sami minti 150 a mako na tafiya mai sa zufa, watau rabin sa'a sau biyar. Matan da ke cikin gida ma haka. Inji ya ɗauke musu daka da niƙa, mun gode Allah, ba mu kuwa ce a mai da su ga wahala ba, amma zama wuri ɗaya daga safe har dare ba hutu ba ne. A bar su su taka zuwa makarantar Islamiyya da gidajen 'yan'uwa.

Taba da giya ba za mu daɗe a kansu ba. Duka biyu suna ƙara hatsarin wannan ciwo, da sigari da shisha. Giya, addini ya riga likita magana, masu tsallaka iyaka da dare don su sha a ɓoye kuwa su sani hanji ba ya rufa asiri. Taba kuma akwai dokar 2015 da ta hana sayar da ita kara-kara, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Ku je kowane teburi a tasha ku gani ko an taɓa jin labarin dokar.

Dole mu faɗi gaskiya a nan: duk wanda ya ce muku in kun ci dusa da zogale ba za ku taɓa kamuwa ba, ɗan'uwan mai lasifika ne. Abinci na rage hatsari, ba ya kawar da shi. Akwai wanda gado ne ke kawo masa. Wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa na ciki ɗaya ya yi wannan ciwo, hatsarinsa ya kusan ninka na sauran mutane, kuma likitoci na son a fara duba shi tun yana shekara 40, ko shekara 10 kafin ya kai shekarun da ɗan'uwan nasa ya kamu. Sabo da haka a daina ɓoye wa 'ya'ya abin da ya kashe ubansu. A daina cewa sammu ne, kishiya ce, abokin kasuwa ne. Zumunci nawa ya watse a kan ciwon da ke rubuce a takardar asibiti?

Yanzu mu juya ga mahukunta, domin ba za mu ɗora wa talaka laifi duka ba. Tun da Malam Aminu Kano da abokansa suka kafa NEPU a 1950 a ke faɗar magana ɗaya, cewa talaka na biyan haraji ba ya ganin amfaninsa. A 2001, a Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi. A gidanmu aka yi alkawarin, amma Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika shi ba, galibi 5 ko 6 a ke gani. A dokar kuɗi ta 2021 aka sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi da sunan kare lafiya. Mu muka biya. A nuna mana ɗakin shan magani ɗaya a ƙasar Jibiya da aka gyara da kuɗin. A 2021 ɗin dai aka buɗe asusun taimakon masu ciwon daji, aka sa na mama da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza, aka bar na hanji a waje. A Amurka, a wannan shekarar, sun sauko da shekarun fara gwajin hanji zuwa 45 ga kowa, ko da lafiyarsa lau. Akwai gwajin bayan gida mai sauƙi da ke nuna jinin da ido ba ya gani; akwai na'urar leƙa hanji da ke cire tsiro nan take. Talakan Gangara ya taɓa jin an yi masa tayin ko ɗaya?

A Yuli 2025 an buɗe cibiyar jinyar ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Ba mu hana su yabo, domin a da sai a kwashi majinyaci zuwa Zariya ko Sakkwato don gashi. Amma wannan ƙarshen hanya ne. Farkon hanya yana nan, a ɗakin shan magani na ƙauye da Babban Asibitin Jibiya, inda za a gane ciwon tun yana ƙwayar wake. Ga dam ɗin Jibiya da aka gama a farkon shekarun 1990 don noman rani na dubban kadada, ya yi shekaru ba a cin rabin amfaninsa sabo da kuɗin tura ruwa. Ga shekarun da 'yan bindiga suka raba manoma da gonakinsu har tiyar gero ta gagari mai noma gero. Wanda ya hana mutum gonarsa, shi ya tura shi ga taliyar leda.

Abin da mu ke nema a bayyane ya ke. A koya wa kowane ma'aikacin lafiya na ƙauye cewa mai jini a bayan gida a duba shi kafin a ba shi magani, in an yi shakka a tura shi gaba da takarda. A kawo gwajin bayan gida kyauta ga wanda ya kai shekara 45. A tabbata dajin hanji yana cikin asusun taimako da inshorar lafiya, da rubutu, ba da baki ba. A binciki jarkokin masu lasifika. A gyara ban ruwa don ganye da wake su yi araha da rani. Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a, har da namu, ku tare shi da waɗannan kafin ku karɓi atamfa da sabulu.

Mu kuma ba za mu zauna jira ba. Sakataren reshe yana nan da littafi. Duk mai ɗaya daga cikin alamun da muka ambata, ko mai irin wannan ciwo a danginsa, ya same shi a keɓe bayan an tashi, ba sai ya faɗa gaban mutane ba. Mata su sami shugabar mata. Za a haɗa su rukuni, a yi karo-karon kuɗin mota daga asusun reshe, wani daga cikinmu mai karatu ya raka su asibiti ya tsaya har a duba su. Membobinmu direbobi da suka ce za su ɗauki mutum biyu-biyu kyauta zuwa Katsina, su ma su ba da sunayensu yau. 'Yan'uwanmu na tsallake da ke cin kasuwa tare da mu, su kai wannan magana Ɗan Isa da Madarunfa. Wanda ke da tambaya ya ɗaga hannu, malamin asibiti da muka gayyato zai amsa.